Song Ci, alƙalin da ya tilasta wa jami'an Sin duba gawa da idonsu

A daular Song ta ƙasar Sin, doka ta tanadi cewa duk wanda ya mutu mutuwar da ake zargi, sai jami'in gwamnati ya je ya duba gawarsa, sannan wani jami'in dabam ya sake dubawa. A aikace kuwa, da yawa daga cikinsu nesa suke tsayawa saboda wari, su bar aikin ga magatakarda da masu ɗaukar gawa, waɗanda ba wuya a saye su. Rahoton da aka rubuta a haka shi ke kai mutum ga hauni. Wannan sakaci ne Song Ci ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa.

An haife shi a 1186 a Jianyang, cikin lardin Fujian na yau. Ya ci babbar jarrabawar shiga aikin gwamnati a 1217. Farkon aikinsa bai kuɓuta daga jini ba, domin da shi aka murƙushe tawayen talakawa a Jiangxi da Fujian, kuma da wannan ya samu ɗaukaka. Masu yabonsa sukan yi saurin wuce wannan babi.

Daga baya ya riƙe muƙamin mai kula da shari'ar manyan laifuka a larduna da dama, har da Guangdong da Jiangxi da Hunan. A Hunan, cikin 1247, ya kammala littafinsa Xiyuan Jilu, wato tarin bayanai kan wanke waɗanda aka zalunta. Littafin jagora ne ga jami'i: ya isa wurin da wuri, ya auna kowane rauni, ya rubuta a gaban dangi da shaidu. Ya nuna yadda ake gane wanda ya rataye kansa da wanda aka shaƙe sannan aka rataye, da yadda toka a baki da hanci ke nuna cewa wuta ta ci mutum yana da rai.

Labarin da ya fi shahara a ciki shi ne na mutumin da aka sassare a bakin hanya. Mai bincike ya ga raunukan na lauje ne, sai ya sa mutanen unguwa su kawo laujensu, aka jera a ƙasa cikin zafin rana. Duk an goge su, amma ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya. Mai shi, wanda ya taɓa rigima da mamacin kan bashi, ya amsa laifinsa. Masana na ɗaukar wannan a matsayin rubutaccen misali na farko na amfani da ƙwari wajen gano mai kisa.

Ba duk abin da ya rubuta ba ne ya tsaya. Gwada guba da tsinken azurfa yana iya yaudara, tunda ruɓewar jiki kaɗai kan baƙanta azurfa, haka kuma ɗiga jini a kan ƙashi ba ya tabbatar da dangantaka.

Ya rasu a Guangzhou a 1249. Jami'an Sin sun ci gaba da aiki da littafin, da gyare-gyaren da aka yi masa, har ƙarshen daular Qing a farkon ƙarni na 20.