Bayis Admiral Joseph Edet Akinwale Wey (1918–1991): Rayuwarsa da Makomar Jiragen Yaƙin Zamaninsa

Tsakure

Labarin yaƙin basasar Nijeriya, kamar yadda ya zauna a bakin Hausawa da waƙoƙinsu, yawanci labarin sojan ƙasa ne. Wannan maƙala ta waiwayi ɓangaren teku ta hanyar bibiyar rayuwar Joseph Edet Akinwale Wey, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Rundunar Sojan Ruwa ta Nijeriya. An duba tasowarsa, da matsayin da ya ɗauka a rikicin 1966, da aikin rundunarsa a lokacin yaƙi, sannan aka bi sawun jiragen da suka yi zamani da shi har zuwa ƙarshensu. Maƙalar ta nuna cewa 'yan jirage kaɗan, mafi yawansu kwance, sun taimaka wajen yanke hukuncin yaƙin, kuma abin da ya ci yawancinsu daga baya tsufa ne da ƙarancin gyara.

1.0 Gabatarwa

Ruwan saman da ke sauka a ƙasashen Tambuwal da Kebbe yakan bi ƙoramu ya faɗa Gulbin Sakkwato, daga nan ya shiga Kwara, ya ƙare a teku. Gyaɗa da auduga da fatun Arewa su ma tekun suke nufa, ta tashoshin Apapa da Fatakwal. Saboda haka, wanda ya riƙe bakin teku ya riƙe hanyar cinikin ƙasar Hausa, ko da manomin Fakku bai taɓa ganin jirgin da ya wuce kwalekwale ba. Daga 1964 zuwa 1973 tsaron wannan bakin teku yana hannun Wey.

Jiragen yaƙi hawa-hawa ne. Kuruza babba ne mai manyan bindigogi. Ƙasa da shi akwai distiroya, mai tsananin gudu, wanda aikinsa shi ne rakiyar ayari da farautar jiragen ƙarƙashin teku. Sai firigit, wanda a wancan zamani bai kai distiroya gudu ba, sannan kobet da ƙananan jiragen sintiri. Nijeriya ba ta taɓa mallakar distiroya ba. Firigit ɗaya tilo shi ya ɗauke mata aikin da manyan ƙasashe ke ɗora wa distiroya.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Wey a Kalaba cikin watan Maris na 1918. Sunayensa biyu na gida sun nuna tsatsonsa biyu: Edet sunan Efik ne, Akinwale kuwa na Yarabawa. Ya fara karatu a Kalaba, ya ci gaba a Ikko. A wajejen 1940 ya shiga Sashen Jiragen Ruwa na gwamnatin mulkin mallaka a matsayin ɗan koyon aikin injiniya, ya kammala horo a 1945.

Wannan sashe ba rundunar yaƙi ba ne. An samar da shi a 1914, lokacin da aka haɗa na Kudu da na Arewa mai mazauni a Lakwaja. Aikinsa shi ne yashe hanyoyin ruwa, da kula da fitilun da ke yi wa jirage jagora, da jigilar ma'aikata da wasiƙu a gaɓar teku da kogunan Kwara da Binuwai. A ɗakin injin irin waɗannan jirage Wey ya yi ƙuruciyarsa. A al'adar sojan ruwan Birtaniya, wadda Nijeriya ta gada, shugabanci na masu tuƙi ne da masu harbi, ba kasafai injiniya ke hawa kujerar ƙoli ba. Hawan Wey ya saɓa wa wannan al'ada.

3.0 Sunan Nijeriya a Teku Kafin Runduna

Shekarar da Wey ya fara koyon aiki, Birtaniya ta shigar da wani sabon kuruza aiki mai suna HMS Nigeria. A watan Agusta na 1942 yana cikin jiragen da suka raka ayarin abinci da mai zuwa tsibirin Malta. Ran 12 ga watan wani jirgin ƙarƙashin teku na Italiya ya harbe shi, mutane fiye da 50 suka mutu. Admiral Harold Burrough, jagoran rakiyar, ya sauka daga cikinsa ya koma wani distiroya mai suna HMS Ashanti, wanda Sarkin Asante ya yi wa kyautar ƙararrawar azurfa da garkuwar zinariya lokacin da ya ziyarci Takoradi a 1939.

Makomar waɗannan jirage biyu abin lura ce. Ashanti na cikin distiroya 16 da Birtaniya ta raɗa wa sunayen ƙabilu. Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye 12 daga cikinsu. Ashanti na cikin huɗun da suka tsira, amma a 1949 aka farfasa shi aka sayar da ƙarfen. Shi kuwa Nigeria an gyara shi a Amurka, daga baya Indiya ta saye shi, ta sa masa suna Mysore, ya yi mata aiki daga 1957 zuwa 1985. Sunan Nijeriya ya yi yaƙi a teku tun ƙasar ba ta da ikon mallakar ko jirgin yaƙi ɗaya.

4.0 Kafa Runduna da Jiragen Farko

Bayan an kafa Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa, an rarraba ayyukan tsohon sashen, aka kafa rundunar sojan ruwa ran 1 ga Yuni, 1956, da wasu daga cikin ma'aikatansa da jiragensa. Wey na cikin waɗanda aka mayar can a matsayin ƙaramin hafsa. Turawa biyu, Kyaftin Skutil da Kwamodo Kennedy, su suka fara riƙe ta. A 1962 Wey ya zama kwamandan sansanin Apapa, a watan Maris na 1964 kuma ya karɓi ragamar rundunar baki ɗaya.

Abin da ya tarar bai taka kara ya karya ba. Jirgin farko mai ɗan girma shi ne HMS Hare, mai share nakiyoyin ruwa, wanda aka ƙera a Belfast lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An miƙa shi ga Nijeriya a 1959, aka sa masa suna Nigeria, amma a 1962 aka mayar da shi Birtaniya aka farfasa. Sai wasu ƙananan jiragen sintiri masu sunayen birane, irin su Enugu, da Lokoja mai sauke sojoji a gaɓa; daga baya aka ƙara Benin da Ibadan.

Jirgin da ya fi su tarihi shi ne Ogoja. An ƙera shi a Amurka a 1942 don farautar jiragen ƙarƙashin teku. A watan Agusta na wannan shekara Shugaba Roosevelt ya miƙa shi ga Sarauniya Wilhelmina ta Holan, wadda ke gudun hijira bayan Jamus ta mamaye ƙasarta, aka kuma raɗa masa sunanta. Holan ta ba Nijeriya shi a 1963 ta riƙa amfani da shi kafin a gama ƙera mata sabon firigit a Schiedam. Da yake kayan aro ba ya rufe katara, wannan firigit ake jira. Ya shiga aiki a watan Satumba na 1965, ya gaji sunan Nigeria. Tsawonsa kimanin mita 110 ne, nauyinsa kusan tan 2,000, da tagwayen bindigogi masu bakin inci 4 a gaba. Shi ne babban jirgin yaƙi na farko da aka ƙera musamman domin ƙasar.

5.0 Matsayinsa a Rikicin 1966

Wata huɗu bayan jirgin ya shiga aiki aka yi juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda ya ci rayukan Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Wey ya shiga Majalisar Ƙoli ta Soja a ƙarƙashin Janar Aguiyi-Ironsi. Ran 29 ga Yuli aka yi juyin mulki na biyu, aka kashe Ironsi. Birgediya Ogundipe, wanda ke bi masa a muƙami, ya ga sojojin Arewa ba za su bi umarninsa ba, ya bar ƙasar, daga baya ya zama jakada a Landan. Mulki ya faɗa hannun Laftanar Kanar Yakubu Gowon.

Muƙamin kwamodo daidai yake da na birgediya, don haka Wey ya fi Gowon girma, ya kuma girme shi da shekara 16. Duk da haka ya amince ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Wannan amincewa tana da nauyi, domin babbar hujjar Laftanar Kanar Ojukwu ta ƙin bin Gowon ita ce an tsallake manya. Ga shi kuwa babba, haifaffen Jihar Gabas, ya zauna da rundunarsa a gefen tarayya. Wey na cikin waɗanda suka halarci taron sulhu na Aburi a ƙasar Gana, ran 4 da 5 ga Janairu, 1967, taron da aka tashi da yarjejeniyar da kowane ɓangare ya fassara yadda ya ga dama.

6.0 Yaƙin Basasa a Teku

Da aka shelanta Biyafara ran 30 ga Mayu, 1967, gwamnatin tarayya ta ba da umarnin toshe gaɓar Gabas. Rundunar Wey ita ma ta tsage, domin hafsoshi da ƙwararru 'yan Gabas da yawa sun koma gida, jirgin Ibadan kuma, wanda ke can lokacin, ya faɗa hannun Biyafara.

A ƙarshen watan Yuli na 1967 rundunar ta kwashi sojojin Laftanar Kanar Benjamin Adekunle daga Ikko ta sauke su a Boni, tashar da ake lodin ɗanyen mai. Nelson Soroh ke riƙe da Nigeria, Akin Aduwo na riƙe da Ogoja, wani Bature mai suna James Rawe, wanda ya ga saukar Normandi a 1944, ya taimaka wajen tsara aikin. Da yake jiragen yaƙi ba su isa ba, sai da aka haɗa da na kasuwanci wajen ɗaukar sojoji. A bakin kogin Boni Ogoja ya yi arangama da Ibadan ya halaka shi. Mutanen da ke cikin jiragen biyu 'yan watanni kafin nan abokan aiki ne a sansani ɗaya.

A tsakiyar watan Oktoba aka maimaita irin wannan sauka a Kalaba. Bindigogin Nigeria suka yi luguden wuta a gaɓar garin da aka haifi shugaban rundunar. Faɗuwar Kalaba ta yanke Biyafara daga hanyar Kamaru, faɗuwar Fatakwal a watan Mayu na 1968 kuma ta raba ta da teku gaba ɗaya. Daga nan ba ta da mashiga sai filin jirgin sama na Uli, da dare.

Wannan toshewa ita ce ta karya ƙarfin Biyafara, ita ce kuma ta hana busasshen kifi da sauran abincin gina jiki isa ga jama'ar da ke ciki. Dubun dubatar mutane, yawancinsu yara, sun mutu da yunwa kafin yaƙin ya ƙare ran 15 ga Janairu, 1970. Shawarar toshewa ta gwamnati ce, amma rundunar Wey ta zartar da ita a teku. Duk mai auna aikinsa dole ya ɗora haɗin kan ƙasar da waɗannan rayuka a ma'auni guda.

7.0 Bayan Yaƙi da Rasuwarsa

Wey ya zama Riya Admiral a 1967, Bayis Admiral a 1971. A ƙarshen zamaninsa, cikin 1972, rundunar ta karɓi sababbin kobet biyu daga kamfanin Vosper Thornycroft na Ingila, Dorina da Otobo. Sunayen biyu dabba ɗaya suke nufi a harsuna biyu. Wannan salon raɗa suna ya ɗore bayansa, aka sami Damisa da Kyanwa da Ruwan Yaro a cikin jiragen ƙasa, abin da ya cancanci kulawar masu nazarin sunaye.

A 1973 ya miƙa rundunar ga Soroh, ya zama Shugaban Ma'aikata na Hedikwatar Ƙoli, wato na biyu ga Gowon. Ran 29 ga Yuli, 1975, Gowon na taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, aka kifar da gwamnatinsa. Murtala Muhammad ya hau mulki, aka yi wa manyan hafsoshi ritaya, har da Wey da Soroh. Wey ya janye daga harkokin mulki, ya rasu a watan Disamba na 1991 yana da shekara 73.

8.0 Makomar Jiragen

Ogoja bai ga ƙarshen yaƙi ba. Bayan ya tsira daga Yaƙin Duniya da wutar Boni, ya kafe a rairayi kusa da Brass a 1969, ba a iya ceto shi ba. Dorina ya nutse a inda yake ɗaure cikin shekarun 1980, lokacin zaman lafiya. Nigeria ya riƙe matsayin babban jirgi har farkon shekarun 1980, sannan aka sake masa suna Obuma, aka mayar da shi jirgin koyarwa, daga ƙarshe ya daina fita teku.

Wanda ya gaje shi shi ne Aradu, ƙirar kamfanin Blohm da Voss na Hambog a Jamus, wanda ya shiga aiki a watan Fabrairu na 1982. Tsawonsa kimanin mita 125 ne, kuma da makamai masu linzami a cikinsa shi ne jirgin Nijeriya da ya fi kusa da matsayin distiroya. Ya wakilci ƙasar a Ingila a 2005, wajen bikin cika shekara 200 da yaƙin Tirafalga, ya kuma ƙetara zuwa Birazil a 2007. Bayan haka ya shafe shekaru a ɗaure a Ikko yana jiran gyara.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi rayuwar Wey daga ɗakin injin jiragen mulkin mallaka zuwa kujera ta biyu a gwamnatin soja. Abubuwa biyu suka fi fitowa a aikinsa: amincewarsa ya bi wanda ya girma a 1966, da riƙon da ya yi wa rundunar da ta tsage har ta rufe gaɓar Gabas, tare da abin da wannan rufewa ta jawo wa fararen hula. Ta fuskar jirage kuwa, yaƙi ne ya cinye kashi uku cikin huɗu na 'yan'uwan Ashanti, amma a cikin na Nijeriya da aka ambata Ibadan kaɗai wuta ta halaka, kuma wutar gida ce. Sauran rairayi da tsatsa da jiran kayan gyara suka gama da su, wato ainihin abubuwan da injiniya irin Wey ya fara koyon yaƙi da su a 1940.