Muhammadu Alwali

Muhammadu Alwali ɗan Yaji, wanda aka fi sani da Alwali, shi ne Sarkin Kano na ƙarshe daga gidan Kutumbawa. Ya yi sarauta daga 1781 zuwa 1807. Mayaƙan jihadi ne suka fitar da shi daga birnin Kano, ya nemi mafaka a Zariya bai samu zama ba, aka kashe shi a Burumburum.

Asali da sarauta

Mahaifinsa shi ne Sarki Yaji na biyu, sunan mahaifiyarsa Baiwa. 'Yan'uwansa biyu, Babba Zaki da Dauda Abasama, sun riga shi hawa gadon sarauta, kuma Dauda ya gada. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa shi a matsayin sarki na 43. Littafin ya ce da hawansa ya shiga tara dawa da gero a rumbuna saboda gudun yaƙi da yunwa, amma duk da haka yunwa ta auka wa ƙasar a zamaninsa.

Labarin da aka fi tunawa da shi shi ne na Dirki, wani abin tsafi da aka naɗe da fatu, wanda sarakunan Kano suka daɗe suna yi wa yanka. Alwali ya gaji da bayar da shanu, ya sa samari suka fasa shi da gatura, sai aka tarar da Alƙur'ani a ciki. Mutanen birni suka ɗauki wannan a matsayin alamar cewa shi ma za a fitar da shi daga Kano.

Jihadi

Bayan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, malaman ƙasar Kano da ke bin sa suka yi tasu hijirar, suka taru a Kwazazzabon 'Yar Kwando, yamma da birni. A cikinsu akwai Malam Jamo na Sulluɓawa, da Malam Ɗanzabuwa na Danejawa, da Malam Jibir na Yolawa, da Dabon Dambazau, da Malam Bakatsine na Jobawa, waɗanda mazauninsu ke Utai a ƙasar Wudil. Wato a farkon rikicin malaman ne masu gudu, sarki ne mai bi. Cikin shekara uku al'amarin ya juya.

Alwali ya nemi taimakon Katsina da Daura, kuma sarakunan Hausa sun kai kuka Borno, amma taimakon da ya zo bai tsayar da komai ba. A yaƙin Ɗanyaya aka karya rundunarsa. Daga nan garuruwa suka yi ta miƙa wuya, shi kuma ya fita daga birni da iyalinsa da sauran mutanensa, ya nufi kudu.

Neman mafaka a Zariya

A wancan zamani babu wata rubutacciyar doka kan mai gudun hijira. Sarkin da aka kora yakan je wurin maƙwabcinsa ne, a ba shi masauki da abinci, wani lokaci har da gari. Amma karɓarsa tana da tsada, domin duk wanda ya sauke shi ya ja wa kansa gabar waɗanda suka koro shi. Zazzau kuwa a lokacin kanta a rabe yake. Sarki Jatau ya yi wa kiran Shehu sassauci, kuma akwai malamai da Fulani da yawa a ƙasar masu goyon bayan jihadi.

Bisa ruwayar Tarihin Kano, Zazzagawa sun tuhumi Alwali kan dalilin da ya sa ya bar garinsa. Ya amsa musu cewa tsoron ransa ne ya fito da shi, ya kuma gargaɗe su cewa abin da ya kore shi daga Kano zai iya korar su daga Zariya. Amsar ba ta yi musu daɗi ba, suka kore shi da zagi. Sarki mai shekara fiye da ashirin a kan gadon Kano ya rasa wurin kwana a birnin da ke maƙwabtaka da shi.

Gargaɗin bai daɗe ba ya tabbata. A ƙarshen 1808 Malam Musa ya ci Zariya, Sarki Muhammadu Makau ya gudu kudu zuwa Zuba, shi ma yana neman wanda zai sauke shi. Ƙanensa Abu Ja ne ya kafa Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja.

Rasuwa

Daga Zariya Alwali ya koma ƙasar Rano, ya ja daga a Burumburum, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Tudun Wada. Mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Bakatsine suka kewaye garin har ya faɗi, aka kashe shi a 1807. Waɗanda suka tsira daga gidansa sun watsu, wasu suka nufi arewa wajen Damagaram da Maraɗi, inda Katsinawan da aka kora su ma suka samu wurin zama.

Malam Sulaimanu ne ya zama Sarkin Kano na farko a ƙarƙashin daular Sakkwato, ya yi mulki har 1819. Jobawa kuma suka riƙe sarautar Makaman Kano, wadda aka san ta da Wudil.