Pierre Levegh, matuƙin da ya ƙi sakin sitiyari

A yammacin ƙasar Faransa akwai wani gari da ake kira Le Mans, kimanin kilomita 200 daga birnin Paris. Tun shekara ta 1923 ake yin wani tseren motoci a can wanda ya sha bamban da saura, domin lokaci ake ƙayyadewa maimakon nisa: awa 24 cur, dare da rana. Motoci suna ta zagaya hanya guda, wadda ta fi cin nisa kafin lokaci ya cika ita ce ta yi nasara. Motocin kuwa masu kujera biyu ne, da fitilu, kamar dai waɗanda ake hawa bisa titi, sai dai sun fi su ƙarfin inji nesa ba kusa ba. A zamanin da wannan labari ya auku, tsawon hanyar kilomita 13 da rabi ne, kowace mota kuma matuƙa biyu ke karɓa-karɓa a kanta.

Cikin mutanen da suka ba wannan tsere rayuwarsu, har ma da ransu, akwai wani Bafaranshe mai suna Pierre Levegh. Bai taɓa cin tseren ba ko sau ɗaya. Duk da haka, abin da ya same shi sau biyu a wannan fili ya sa aka sake dokokin tseren, aka kuma sake ginin filin.

Asalinsa

An haife shi a Paris ran 22 ga watan Disamba na shekara ta 1905. Sunansa na ainihi Pierre Bouillin. Yana da wani kawu, Alfred Velghe, wanda yake cikin mutanen farko da suka yi tseren mota a duniya. Shi kawun nan ya jujjuya baƙaƙen sunansa ya fitar da Levegh, da wannan suna kuma ya ci tseren Paris zuwa Toulouse da komowa cikin shekara ta 1900. Ya rasu cikin 1904, wato kafin a haifi Pierre. Yaron bai taɓa ganinsa ba, amma da labarinsa ya tashi, sa'ad da ya shiga sana'ar kuwa sai ya ɗauki sunan.

Pierre mutum ne mai ƙarfin jiki. Tun yana saurayi ya gwanance da wasan tanis da wasan sanda bisa ƙanƙara. Amma bai shiga tseren Le Mans da wuri ba, sai cikin 1938, yana da shekara 32, da mota ƙirar Talbot wadda ba ta kai ƙarshe ba. Sa'an nan yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Daga 1940 har 1948 ba a yi tseren ba, yaƙi ya cinye masa shekarun da matuƙi ya fi ƙarfin gani da saurin hannu. Ko da aka komo fili cikin 1949, ya riga ya wuce shekara 40.

Cikin 1950 da 1951 ya shiga manyan tsere shida na gasar duniya ta motoci masu kujera guda, bai samu maki ba. Zuciyarsa tana ga Le Mans. Cikin 1951 shi da abokin tuƙinsa René Marchand suka zo na huɗu. Wannan ya ƙara masa ƙwarin guiwa, ya kashe kuɗin aljihunsa ya gyara motarsa Talbot domin shekara mai zuwa.

Awa 23 bisa sitiyari

Cikin 1952 kamfanin Mercedes na Jamus ya komo Le Mans da sabuwar mota, 300 SL, shekara bakwai kacal bayan ƙarewar yaƙi. Faransawa ba su manta da mamayar ƙasarsu ba, saboda haka idon kowa yana bisa motocin gida. Cikin dare motocin da ke gaba suka yi ta lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin gari ya waye, Levegh ke gaba.

Duk sa'ad da ya tsaya rumfar gyara shan mai, Marchand yakan matso da shirin karɓarsa, shi kuwa ya ƙi fita. Haka ya kwana yana tuƙi, ya wuni yana tuƙi, har ya ba motocin Jamus ratar zagaye huɗu. Saura kimanin awa guda a tashi, inji ya fashe, mota ta tsaya bakin hanya. Ya yi kusan awa 23 bai ba kowa sitiyari ba. Hermann Lang da Fritz Riess suka ci tseren da Mercedes, bayan sun yi tafiyar kilomita 3,733, wato kusan sau huɗu nisan Yamai zuwa Damagaram.

Mutane suka rabu biyu a kansa. Waɗansu suka ce girman kai ne da son a yabe shi shi kaɗai, gajiya kuma ta sa ya kuskure giya har inji ya fashe. Waɗansu suka ce tun cikin dare ya ji inji yana rawa, agogon da ke nuna gudun inji kuma ya mutu, shi ya sa ya ji tsoron ba wani mota mai ciwo wadda shi kaɗai ya san yadda zai lallaɓa ta. Ya ma ga misali da idonsa, domin cikin 1950 Louis Rosier ya ci tseren bayan ya yi tuƙi kusan duka shi kaɗai. Masu shirya tseren dai sun gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mutumin da barci ya rinjaya kuma haɗari ne ga kansa da ga sauran matuƙa. Daga 1953 suka hana matuƙi ya wuce zagaye 80 a jere, ko awa 18 gaba ɗaya.

Levegh bai fid da rai ba. Cikin 1953 ya zo na takwas, cikin 1954 bai kai ƙarshe ba.

Ranar 11 ga Yuni 1955

Shugaban ƙungiyar tsere ta Mercedes, Alfred Neubauer, bai manta da mutumin da ya kusa kayar da motocinsa shi kaɗai ba. Cikin 1955 ya gayyace shi ya tuƙa ɗaya daga cikin motoci uku na kamfanin, ƙirar 300 SLR, tare da wani Ba'amurke mai suna John Fitch. Levegh yana da shekara 49. Karo na farko ke nan da ya samu motar da ta isa ta kai shi ga burinsa.

An tashi da ƙarfe 4 na yamma, gaban taron da ya wuce mutum 200,000. Tun farko aka shiga kokawa tsakanin Juan Manuel Fangio na Arjantina cikin Mercedes da Mike Hawthorn na Ingila cikin Jaguar. Wajen ƙarfe 6 da minti 26, motoci huɗu suka nufo gaban rumfunan gyara kusan lokaci guda. Wurin nan ƙunci gare shi. Babu abin da ya raba rumfunan da hanyar tsere, daura da su kuma ƴan kallo ne cunkushe bayan wani ɗan tudun ƙasa.

Hawthorn ya wuce wata mota Austin-Healey wadda Lance Macklin ke tuƙawa, sai ya taka birki domin ya shiga rumfarsa. Birkin Jaguar sabon salo ne, mai kama mota nan take. Macklin ya kauce hagu don kada ya buge shi, ya faɗa gaban Levegh wanda ke tafe da gudun fiye da kilomita 200 cikin awa. Ba wurin kaucewa. Mercedes ta hau bayan motar Macklin kamar wadda ta hau gangare, ta tashi sama, ta bugi tudun, ta tarwatse. Inji da murfinsa da ƙafafun gaba suka keta cikin taro. Jikin motar an yi shi da wani ƙarfe marar nauyi mai haɗe da magneziyom, wanda in ya kama wuta ruwa ƙara hura shi yake yi, don haka ya daɗe yana ci.

Levegh ya mutu nan take. Ƴan kallo fiye da 80 suka rasu, fiye da 100 suka ji rauni. Ba a taɓa yin haɗari mai muni kamarsa ba cikin tarihin tseren motoci. Fangio, wanda ke biye da shi, ya wuce lafiya, daga baya kuma ya shaida cewa Levegh ya ɗaga masa hannu ya gargaɗe shi kafin karon, abin da ya tsirar da shi ke nan.

Ba a tsai da tseren ba. Hujjar shugabannin fili ita ce, in taro ya watse gaba ɗaya zai toshe wa motocin ɗaukar marasa lafiya hanya. Cikin dare, bisa umurnin shugabannin kamfani daga Stuttgart, Mercedes ta janye motocinta biyu da suka rage, alhali ita ke gaba. Hawthorn da Ivor Bueb suka ci tseren.

Abin da ya biyo baya

Waɗansu jaridu suka ɗora laifi bisa mamacin, suna cewa ya tsufa ga irin wannan mota. Waɗansu suka zargi Hawthorn, waɗansu Macklin. Binciken hukuma bai kama ko matuƙi ɗaya da laifi ba, sai ya nuna tsarin filin. Lissafi ma ya isa shaida: motar da ta ci cikin 1923 ta yi kilomita 2,209, ta 1955 kuwa 4,135. Gudun motoci ya kusa ninkawa biyu, amma gaban rumfunan gyara bai sake wani fasali ba.

Cikin wannan shekara aka soke manyan tsere na Faransa da Jamus da Sifen da Suwis. Ƙasar Suwis ta kafa dokar hana tseren zagaye, ba a sake yin irinsa a can ba sai cikin 2018, da motocin lantarki a birnin Zurich. Mercedes ta bar tsere ƙarshen 1955, ba ta sake cin Le Mans ba sai cikin 1989. Kafin tseren 1956 aka rushe rumfunan, aka faɗaɗa hanya, aka ja ƴan kallo baya. John Fitch, wanda bai ko samu hawa motar ba ran nan, ya duƙufa ga aikin kare rayuka bisa hanya, har ya ƙago gangunan da ake cikawa da yashi a jera wuraren haɗari domin su rage ƙarfin karo. Yau matuƙa uku ke raba kowace mota a Le Mans, ba a yarda ɗayansu ya wuce awa 14 ba.

An binne Pierre Levegh a maƙabartar Père Lachaise ta Paris. Cikin 1952 ya ɗora wa jikinsa abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam, aka kafa doka domin kada wani ya sake. Cikin 1955 ya bi doka, ya yarda da abokin tuƙi, amma hanyar da aka ba shi ba ta dace da gudun motar da aka ba shi ba. Gwanintar matuƙi da ƙarfin zuciyarsa ba su isa su tsare rai ba, sai an haɗa da hutu, da doka, da hanya mai kyau. Sai da mutum fiye da 80 suka rasu ran guda sa'an nan masu tseren motoci suka yarda da haka.