Ernest Everett Just, masanin ƙwan halittun teku (1883-1941)

An haifi Ernest Everett Just ran 14 ga watan Agusta 1883 a birnin Charleston, bakin teku, cikin jihar Karolina ta Kudu a ƙasar Amurka. Lokacin nan shekara 18 kacal da hana bauta a ƙasar. Baƙar fata ya samu ƴanci a takarda, amma ƙofofin makarantu da na aiki da yawa a rufe suke gabansa. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 4, sai mahaifiyarsa Mary ta ɗauki nauyin gida ita kaɗai, tana aiki wurin haƙar fosfat a tsibirin James, tana kuma karantar da yara. Yana ƙarami zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, da ya tashi sai anka tarar ya manta karatu da rubutu, dole ya sake koyonsu tun daga farko.

Yana da shekara 13 anka kai shi makarantar baƙar fata ta Orangeburg, inda ake horon malamai, ya fito da takardar izinin karantarwa. Ga yaro irinsa a wannan zamani, nan ne iyakar tafiya. Shi da mahaifiyarsa ba su yarda ba. Ya tashi ya nufi arewa, ya shiga makarantar Kimball Union a jihar New Hampshire, karatun shekara 4 ya gama shi cikin 3, ko da yake a tsakiyar karatun ne mahaifiyar ta rasu. Cikin 1903 ya shiga kwalejin Dartmouth, inda darussan malam William Patten sunka ja hankalinsa ga ilimin halitta. Ya fito cikin 1907 da sakamako mai daraja ƙwarai, amma ba wata jami'ar Turawa da za ta ɗauki baƙi ya karantar da ɗiyansu. Sai ya tafi jami'ar Howard ta Washinton, wadda anka kafa domin baƙar fata. Can ya fara da koyar da Ingilishi, daga baya ya koma ilimin halitta, cikin 1912 ya zama shugaban sashen ilimin dabbobi.

Howard wurin karantarwa ce, ba ta da kayan bincike. Saboda haka tun daga 1909, da an ba da babban hutu, sai ya tafi tashar binciken halittun teku ta Woods Hole a jihar Massachusetts, ya yi aiki ƙarƙashin Frank Lillie, shugaban tashar kuma malami a jami'ar Shikago. Abin da ke kai masana bakin teku shi ne, halittu da yawa na cikin ruwan gishiri suna zubar da ƙwai da maniyyi cikin ruwa, haɗuwarsu a fili take faruwa, ba cikin cikin uwa ba. Ƙwan kuma garau yake, ana iya sa shi cikin ɗan kwanon gilashi a zauna a ga mafarin rai da mikroskop, daga ƙwaya guda ta rabu biyu, ta rabu huɗu, har ta zama halitta mai iyo.

Lillie ya sa shi ga wata tsutsar teku mai suna Nereis. Wannan tsutsa ba ta fitowa haihuwa sai da dare, cikin watannin zafi, kuma fitowarta tana bin lissafin wata. Just yakan tsaya bakin ruwa da fitila da ƴar koma ya kama su, ya koma laburatuwar ya kwana bisa mikroskop, domin ƙwan ba ya jiran safiya. Cikin 1912 ya buga bincikensa na farko, inda ya nuna cewa wurin da ƙwayar maniyyi ta shiga yana da hannu wajen tsaida layin da ƙwan zai fara tsagewa. Wato tsarin jikin da za a haifa ya fara shatuwa tun daga wannan ɗan ɗigo. Cikin 1915 ƙungiyar kare hakkin baƙar fata ta NAACP ta ba shi lambar Spingarn, shi ne mutum na farko da ya karɓe ta. Cikin 1916 jami'ar Shikago ta ba shi doktora. Shekara 7 ke nan da fara aikin, domin yawancinsa cikin hutu kaɗai yake yin sa, sauran shekara yana gaban allo.

Abin da ya raba shi da sauran masana na Woods Hole shi ne hannu. Ya san ƙwai mai lafiya kamar yadda makiyayi ya san saniyarsa. Ya lura cewa yawancin saɓanin da ake samu tsakanin masu bincike daga sakaci yake fitowa: kwanon da ba a wanke sosai ba, ruwan da ya ɗumama ko ya ƙafe har gishirinsa ya ƙaru, ƙwan da ya jima ko anka taɓa shi da ƙarfi. A ganinsa, wanda bai san yadda ƙwai ke girma cikin halinsa na teku ba, ba shi da ma'aunin da zai gane abin da gwajinsa ya sauya. Manyan malamai sukan zo ɗakinsa neman shawara kafin su fara gwaji. Da wannan sani ne ya ja da Jacques Loeb, mashahurin masanin da ya tada ƙwan bushiyar teku ba tare da maniyyi ba, ta hanyar magunguna. Just ya nuna cewa wani sashe na bayanin Loeb a kan ƙwan da anka wahalar ya ginu. Loeb, wanda da farko ya goyi bayansa, ya juya masa baya.

Cikin 1919, yana aiki da ƙwan wata dangin bushiyar teku mai faɗi kamar dala, ya bayyana abin da ya fi ɗaukaka sunansa. Ƙwayoyin maniyyi da yawa ne ke kewaye ƙwai, amma in biyu sunka shiga, ƙwan ya lalace. To, me ke hana ta biyu? An riga an san wata fata tana tasowa ta rufe ƙwan, amma tasowarta tana ɗaukar lokaci. Just ya ga cewa tun kafin fatar ta taso, wani sauyi yana bazuwa a bayan ƙwan daga wurin da ta farko ta shiga, duk inda ya kai kuwa, ƙofa ta rufe. Da ido da haƙuri ya gane wannan. Sai cikin 1976 Laurinda Jaffe ta auna da na'ura, ta nuna cewa akwai sauyin lantarki mai sauri a fatar ƙwan bushiyar teku da ke tsare shi daga maniyyi na biyu.

Duk da haka babu babbar jami'ar bincike da ta ba shi kujera. Lillie ya nemo masa taimakon kuɗi daga attajirin nan Julius Rosenwald, amma kujera ta gagara. A Woods Hole ma, da ya kawo matarsa Ethel da ɗiyansu uku, wulakancin da sunka gani ya sa ba su daɗe ba. A Howard kuwa yana ta fama da hukuma kan lokaci da kuɗin bincike. Daga cikin almajiransa akwai Roger Arliner Young, wadda cikin 1940 ta zama baƙar mace ta farko a Amurka da ta samu doktora a ilimin dabbobi.

Cikin 1929 ya tafi tashar binciken teku ta Napoli a Italiya, cikin 1930 kuma anka gayyace shi cibiyar Kaiser Wilhelm ta Barlin. Can anka karɓe shi a matsayin malami, ba a tambayi launinsa ba, daga nan zuciyarsa ta bar Amurka. Da Hitila ya hau mulki cikin 1933, ƙofar Jamus ta rufe. Cikin 1938 ya zauna Faransa, ya kama aiki a tashar Roscoff ta yankin Bretagne. Ya rabu da Ethel, cikin 1939 ya auri Bajamusa Hedwig Schnetzler.

Cikin 1939 ɗin ne littattafansa biyu sunka fito, ɗaya kan hanyoyin sarrafa ƙwan halittun teku, ɗaya kuma The Biology of the Cell Surface. Zamanin nan hankalin masana ya koma ga kromozom da ƙwayoyin gado, musamman bayan Thomas Morgan ya samu lambar Nobel cikin 1933. Just ya ja da su da tambaya mai nauyi: in kowace ƙwaya ta jiki kromozom iri ɗaya take ɗauke da su, me ya sa wannan ta zama ido, waccan ta zama hanta? Shi ya ɗora amsar ga ruwan ƙwaya da fatarta, ya mayar da cibiyar ƙwaya kamar rumbu. A nan ya wuce gona da iri, domin abin da anka gano game da ADN cikin 1944 da 1953 ya tabbatar da cewa can gadon yake rubuce. Amma tambayar tana nan daram. Cikin 1962 John Gurdon ya ɗauki cibiyar ƙwayar hanjin talibambam ya dasa cikin ƙwan kwaɗo da anka kashe cibiyarsa, ƙwan ya girma ya zama talibambam, abin da ya nuna cewa ruwan ƙwai yana iya juya aikin cibiya.

Da yaƙi ya matso, an gargaɗi baƙi su bar Faransa, shi kuwa ya tsaya ya ƙarasa aikinsa. Cikin 1940 sojan Jamus sunka mamaye ƙasar, anka tsare shi na ɗan lokaci a sansani, sai da dangin matarsa sunka sa baki anka sake shi. Cikin watan Satumba ya koma Amurka tare da Hedwig, wadda ta haifa masa ɗiya mace, Elisabeth. Ya koma aji a Howard da rashin lafiya, daga baya likitoci sunka gano ciwon daji ne a cikinsa. Ya rasu a Washinton ran 27 ga watan Oktoba 1941, yana da shekara 58, ya bar rubuce-rubucen bincike fiye da 70. Lillie ne ya rubuta ta'aziyyarsa a mujallar Science cikin 1942. Cikin 1983 Kenneth Manning ya buga tarihin rayuwarsa, cikin 1996 kuma gidan waya na Amurka ya fitar da tambur mai hotonsa.