MALAM SA'ADU ZUNGUR: MALAMIN TSABTA DA CIWO YA HANA SHI GANIN RANAR 'YANCI

Duk matafiyin da ya tashi daga Potiskum ya kama hanyar Kano, in ya iso Azare, to, bai yi nisa da garin Gadau ba, inda Gwamnatin Jihar Bauci ta kafa jami'arta. Wannan jami'a yanzu sunan Malam Sa'adu Zungur take amsawa. Samari da 'yan mata da yawa suna ambaton sunan nan safe da yamma, amma kaɗan ne daga cikinsu suka san ko wane ne mai shi.

Waɗanda suka san shi kuwa, wasu da waƙa suka san shi, wasu kuma da siyasa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Malam Sa'adu malamin kiwon lafiya ne tun kafin ya shiga siyasa, kuma mafi yawan aikin da ya yi wa ƙasar nan, da ciwo a ƙirjinsa ya yi shi. Tarihinsa tarihin mutum ne wanda ƙasa take kiransa ta wannan gefe, jikinsa kuma yana kiransa ta wancan, a daidai lokacin da mulkin Turawa yake shirin naɗe tabarmarsa.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Malam Sa'adu a birnin Bauci wajen shekarar 1915, a gidan malamai. Zungur kuwa sunan wata ƙasa ce ta Bauci wadda ake danganta gidansu da ita. A gida ya fara karatun Alƙur'ani da littattafan fiƙihu da Larabci, kuma wannan karatu na zaure shi ne ya zama masa jari har ƙarshen ransa, domin ko a fagen siyasa da aya da hadisi yake kafa hujja.

Daga nan aka sa shi makarantar boko ta Lardin Bauci, sa'an nan ya wuce Kwalejin Katsina, inda ya yi zamani da ɗan garinsu, Abubakar Tafawa Ɓalewa. A cikin 1934 ya tafi Babbar Kwalejin Yaba da ke Ikko, kuma shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga wannan makaranta. Bai daɗe a can ba ya komo Arewa, aka kai shi Makarantar Koyon Aikin Tsabta ta Kano, inda ake horar da duba-gari.

Mai karatu ya tuna da irin aikin duba-gari a wancan zamani. Shi ne mai shiga gida gida yana leƙa randa da rijiya da masai, shi ne mai duba nama a mahauta, shi ne kuma mai kai rahoto in agana ko sanƙarau sun ɓulla a unguwa. Malam Sa'adu ya shiga makarantar nan a matsayin ɗalibi, amma saboda hazaƙarsa ba a jima ba ya zama mai koyarwa a cikinta. Daga baya aka mai da shi Zariya, ya ci gaba da koyarwa a makarantar koyon haɗa magunguna. Watau dai, in ana maganar sanin abin da ke kawo cuta da abin da ke kare ta, kaɗan ne suka fi shi a cikin 'yan bokon Arewa na lokacin.

CIWO YA SAME SHI A ZARIYA

Zariya ta wancan lokaci gari ne da ya fara motsi. A cikin watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a can, Malam Abubakar Imam yana edita, kuma ma'aikatan gwamnati da na En'e masu ilmin zamani sun fara taruwa suna tattauna halin da ƙasa take ciki. Malam Sa'adu yana cikin na gaba-gaba wajen kafa irin waɗannan ƙungiyoyi. Da rana yana aji, da dare yana wurin taro ko yana rubutu.

Ana cikin haka, a farkon shekarun 1940, ciwon huhu ya kama shi, bai kuwa sake rabuwa da shi ba sai da ya kai shi kushewa. A zamanin nan magunguna masu ƙarfi irin na yau ba su wadata ba. Babban abin da likita zai ce wa mai ciwon ƙirji shi ne ya kwanta ya huta, ya ci abinci mai kyau, ya rage wahala. Malam Sa'adu ya san haka sarai, don kuwa irin abin da yake koya wa ɗalibansa ke nan. Saboda haka ya bar aikin koyarwa ya koma gida Bauci, alhali bai kai shekara 30 da haihuwa ba.

HUTUN DA BAI ZAMA HUTU BA

Amma fa mai hali ba ya barin halinsa. Ya tarar da Bauci cike da abokan muhawara. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Midil ta Bauci, kuma a cikin 1942 aka kawo wani saurayi Bakano, Malam Aminu Kano, shi ma ya kama aikin koyarwa a nan. Shaƙuwa mai ƙarfi ta shiga tsakanin Malam Sa'adu da Malam Aminu, har ya zama masana tarihi suna lissafa Malam Sa'adu a matsayin malamin Aminu Kano a siyasa.

A cikin 1943 aka kafa wani zauren tattaunawa a Bauci, da yardar Turawan mulki, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da su kansu Turawa suke zama ana musayar ra'ayi. Malam Sa'adu ya zama ɗaya daga cikin masu zafin harshe a wurin. Da muhawara ta yi nisa har aka tayar da maganar yadda ake yanke albashin sarakuna, sai hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri, ba a daɗe ba aka rufe zauren. Su kuwa ba su watse ba, sai suka ci gaba da haɗuwa a ƙarƙashin wata ƙungiya tasu ta neman ci gaban Bauci. Mutumin da aka sallamo don ya yi jiyya, sai ga shi ya zama madugun 'yan boko a garinsu.

A cikin shekarun nan ne kuma ya riƙa aika wa jaridar West African Pilot ta Dokta Nnamdi Azikiwe labaran Arewa, kuma ya yi waƙar Maraba da Soja, don tarbar sojojin Nijeriya da suka komo daga Yaƙin Duniya na Biyu.

TAFIYA IKKO

A nan ne rayuwarsa ta iso mararraba. Bayan yaƙi, Turawa sun kawo tsarin mulkin Gwamna Richards, jam'iyyar NCNC kuma ta tashi haiƙan tana sukarsa. A cikin 1946 shugabanninta suka fita rangadin ƙasa baki ɗaya. A wannan rangadi ne shugaban jam'iyyar, Herbert Macaulay, tsoho mai shekara fiye da 80, ya kamu da rashin lafiya a Kano, aka mai da shi Ikko, ya rasu ran 7 ga Mayu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa kowa irin ƙarfin jikin da siyasar lokacin take ci.

Duk da haka, a cikin 1948 da aka zaɓi Malam Sa'adu ya zama Sakataren Tarayya na NCNC, sai ya karɓa, ya tattara ya koma Ikko. Ba shi da wuya a gane dalilinsa. 'Yan Arewa masu ilmin zamani a lokacin ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, kuma a cikinsu ma, masu iya tsayawa gaban lauyoyi da 'yan jaridun Kudu su yi magana da Turanci ba tare da shakka ba, ana iya ƙirga su da yatsu. In bai je ba, to, wa zai je? Za a yanke wa Arewa hukunci ne ba ta nan.

Sai dai kuma aikin sakatare ba aikin mai jiyya ba ne. Aiki ne na wasiƙu da taro har tsakar dare, da tafiya ba ƙaƙƙautawa. Ikko gari ne na ruwa da raɓa da cunkoso, nesa da dangin da za su dafa masa abin da ya saba, su kuma tsare masa ƙofa in yana barci. Ko ziyarar gida ma wahala ce, domin har ya bar duniya jirgin ƙasa bai iso Bauci ba. Sai mutum ya kwana a jirgi har Jos, sa'an nan ya hau babbar mota ya sha ƙura da girgiza har gida.

Kuma ba kaya ɗaya ya ɗauka ba. A cikin 1949, da Jam'iyyar Mutanen Arewa ta yi babban taronta na farko a Kaduna, Dokta Dikko yana shugaba, sai aka naɗa Malam Sa'adu mai ba ta shawara kan shari'ar Musulunci. Ga shi sakatare a Kudu, ga shi mashawarci a Arewa, ga rubutun jarida, ga kuma ciwo yana ci.

KOMAWA GIDA

A farkon shekarun 1950 abu biyu suka haɗu suka raba shi da Ikko. Na farko, jiki ya ƙi. Na biyu, ra'ayinsa ya fara shan bamban da na shugabannin jam'iyyar game da yadda suke kallon al'amuran Arewa. Sai ya ajiye muƙamin ya komo Bauci.

Wani zai ɗauka nan ne ƙarshen labarinsa, domin daga wannan lokaci ne tsaransa suka fara hawa. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Ministan Ayyuka a cikin 1952, ya kuma zama Firayim Minista a cikin 1957. Malam Sa'adu kuwa bai taɓa riƙe kujerar minista ba. Amma in aka duba da kyau, a wannan zama na gida ne ya gano gwargwadon kayan da jikinsa zai iya ɗauka, ya kuma tsaya a kansa. Ya bar wa masu lafiya hawa mota da hawa teburin lacca, shi kuwa ya riƙe alƙalami da shawara.

Ran 8 ga Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. A ƙarshen shekarar nan Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya shiga siyasa gadan-gadan, kuma a cikin 1953 ya zama shugabanta. Yawancin abin da NEPU ta tsaya a kai, watau 'yancin talaka, da gyaran mulkin En'e, da hana zalunci a kotunan alƙalai, abubuwa ne da aka daɗe ana tattaunawa a zauren Malam Sa'adu. Wannan aƙida ta bazu har Lardin Barno, wanda Potiskum take cikinsa a lokacin, inda ƙungiyar samarin Barno ta ƙulla ƙawance da NEPU. Inda ƙafarsa ba ta iya zuwa ba, almajiransa sun kai maganarsa.

Haka nan kuma waƙarsa mafi shahara, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, wadda a ciki ya gargaɗi sarakuna da talakawa su farka su nemi ilmi su gyara mulkinsu tun kafin zamani ya gyara musu da ƙarfi, ta shiga makarantu da jami'o'i, ana nazarinta har yau. A cikin 1974 Malam Ɗandatti Abdulƙadir ya fitar da littafi a kan rayuwarsa da waƙoƙinsa. Wasiƙun ofis da ya kwana yana rubutawa a Ikko, ba mai tuna su yanzu sai masu tonon tarihi, amma baitocinsa suna bakin mutane.

RASUWARSA

Allah ya yi wa Malam Sa'adu Zungur rasuwa a Bauci ran 28 ga Janairu, 1958, yana da shekara 40 da 'yan kai. Saura shekara guda da 'yan makonni Jihar Arewa ta sami mulkin kai, ran 15 ga Maris, 1959. Saura ƙasa da shekara uku kuma a sauke tutar Ingila a Ikko, ran 1 ga Oktoba, 1960. Ya yi noma, ya yi shuka, amma bai ga kaka ba. Malam Aminu Kano kuwa ya rayu har 1983, yana ɗauke da tutar da suka ɗinka tare.

Ajali dai ba ya wuce ranarsa, kuma ba wanda zai ce da bai je Ikko ba da ya ƙara kwana. Amma akwai abin lura a nan ga duk ma'aikacin da sauyi ya same shi, ko canjin wurin aiki, ko ƙarin girma, ko sabuwar hukuma. Mutanen Yobe sun ga irin wannan a cikin 1991, lokacin da aka cire jihar daga Barno, ma'aikata suka bar iyali a Maiduguri suka taho Damaturu, mutum ɗaya yana aikin mutum uku. A irin wannan lokaci kowa yakan ga kamar in ya zauna komai zai tsaya, sai ya yi ta jinkirta zuwa asibiti har sai an ɗauke shi ranga-ranga.

Malam Sa'adu ya ɗanɗana hanyoyin nan biyu. Ya gwada ɗaukar kaya duka shi kaɗai, jiki ya kā da shi. Ya komo ya rage, ya raba wa na bayansa, ya riƙe abin da ya fi iyawa, kuma wannan ne ya wanzu. Lafiya uwar jiki ce, in ji Hausawa, kuma malamin tsabta na Kano da Zariya ya biya wannan karatu da tsada.

Allah ya jiƙan Malam Sa'adu Zungur, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.