Mamman Shata da Waƙoƙin da Ya Yi Sau Ɗaya Bai Sake Ba

Jama'a, ni ban riski Alhaji Mamman Shata da rai ba, amma duk wanda ya tashi tsakanin Funtuwa da Malumfashi ya san muryarsa tun yana yaro. A tasha kake jin ta, a teburin mai shayi, har a gona lokacin cirar auduga. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, sai ka ji wata waƙarsa mai daɗi a kaset ɗaya tak, ka nemi inda ya maimaita ta ka rasa. Da na bi tarihinsa sai na gane dalili.

An haife shi a Musawa a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ya yi waƙa ba, don a lokacin roƙo ake ɗaukarta. Da tallan goro ya fara, yana waƙa a dandali don nishaɗi kawai. Daga baya ya zauna a Bakori, nan kusa da mu, kuma ya yi shekaru masu yawa a Funtuwa, har ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a ƙaramar hukumar.

To, Shata ba ya rubuta waƙa ya haddace. Makaɗa su saki kalangu, ya ba 'yan amshi amshi, shi kuma ya dinga ƙera baituka nan take, gwargwadon waɗanda ke gabansa. In an tashi daga wurin, waƙar ta tafi ke nan sai in an naɗa. Ko Bakandamiya da ya sha yi, ka saurari naɗi biyu, za ka ji ba iri ɗaya ba ne.

Sannan waƙar yabo tana da mai ita. Wadda aka yi wa wani attajiri ba a ɗauko ta a bikin wani, balle in ba sa ga maciji da juna. In mai waƙar ya rasu, sau da yawa ita ma ta kwanta. Zambo kuwa ya fi haɗari, don in an shirya da wanda aka yi wa, sake rera shi tonon faɗa ne.

Wasu kuma lokaci ne ya haife su. Waƙoƙin ƙarfafa sojoji na yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, da ta kumbon Apollo 11 da ya sauka a wata a 1969, duk labarin ranarsu ne.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu ranar Juma'a, 18 ga Yuni 1999, a Kano, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

Abin da ke damuna yanzu, kaset-kaset ɗin nan suna ruɓewa a akwatunan kakanninmu. Bara na ciro guda uku a ɗakin kakana, biyu zaren ya riga ya manne. Wata waƙar ƙila wannan ne kaɗai naɗinta a duniya. In akwai irinsu a gidanku, don Allah ku juye su a waya kafin damina ta ƙarasa su. Allah ya jiƙan Shata.