Jeff Astle: Sarkin da ya manta da sarautarsa

A gidajen kallon ƙwallo na garuruwanmu, da zarar ɗan wasa ya tashi sama ya sa kai ƙwallo ta faɗa raga, sai ihu ya kaure. Ni ma da ni ake ihun, har ranar da na karanta tarihin Jeff Astle. Ban taɓa ganin wasansa ba, domin ya bar fili tun kafin a haife ni, amma tun daga ranar ihuna ya ragu.

An haifi Astle a garin Eastwood na ƙasar Ingila a shekarar 1942. Ya soma da ƙungiyar Notts County, sannan a 1964 West Bromwich Albion ta saye shi a kan fam 25,000. A can ya ci ƙwallo 174 a wasa 361, kuma ba a san shi da komai ba kamar cin ƙwallo da kai. A 1968 shi ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta ba ƙungiyarsa Kofin FA a kan Everton, bayan ya ci a kowane zagaye na gasar. A kakar 1969/70 ya fi kowa cin ƙwallo a babban rukunin Ingila, da guda 25. Magoya bayansa suka naɗa shi Sarki, har suka rubuta sarautar da fenti a jikin wata gada. Sauran Ingilawa kuwa sun fi tuna shi da ƙwallon da ya ɓarar a gaban ragar Brazil a Gasar Cin Kofin Duniya ta 1970.

Da ya yi ritaya bai raina sana'a ba, ya kafa kamfanin wanke tagogi, daga baya ya riƙa fitowa a talabijin yana waƙa don raha. Yana cikin shekarunsa na hamsin mantuwa ta kama shi. A matsayina na ɗalibin harshe, nan ne labarin ya fi taɓa ni, domin suna da kalma na cikin abin da wannan ciwo ke ƙwacewa. Iyalinsa sun bayyana cewa ya kai ga bai san ya taɓa buga ƙwallo ba. Dubban mutane na riƙe da kowace ƙwallo da ya ci, mai ƙwallon kuwa babu ko ɗaya a kansa. Ya rasu ranar 19 ga Janairu, 2002, yana da shekara 59.

A watan Nuwamba na wannan shekarar, jami'in binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa cutar sana'a ce ta kashe shi, wato yawan dukan ƙwallon fata da kai ne ya lalata masa ƙwaƙwalwa. Wannan kalma ta sana'a tana da nauyi, domin ta jera ɗan ƙwallo a sahu ɗaya da mai haƙar kwal da ƙura ta cinye wa huhu. Duk da haka hukumomin ƙwallo suka yi ta jan ƙafa. Sai a 2014 likita Willie Stewart na Glasgow ya sake duba ƙwaƙwalwar, ya gano irin lalacewar da aka daɗe da sani a wajen 'yan dambe. A 2015 iyalinsa suka kafa gidauniya da sunansa.

A 2019 binciken Jami'ar Glasgow ya nuna cewa tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Scotland sun ninka sauran jama'a kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Ci gaban binciken a 2021 ya nuna 'yan baya sun fi kowa shiga haɗari, masu tsaron gida kuma, waɗanda ba safai suke sa kai ba, ba su bambanta sosai da sauran mutane ba. Masu ɗora laifin duka a kan tsohuwar ƙwallon fata mai shan ruwa su lura: haɗarin bai ragu ba a tsakanin 'yan wasan baya-bayan nan da aka bincika. Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa kai tun 2015, Ingila da Scotland kuma suka hana shi a atisayen ƙananan yara a 2020.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. 'Ya'yanmu na kwaikwayon abin da suke gani a talabijin, a filayen makaranta da na unguwa, wani lokaci da ƙwallo mai tauri kamar dutse. Ban ce a hana su wasa ba. Roƙona ga masu horar da yara da malaman firamare shi ne su jinkirta koyar da sa kai, kuma duk yaron da ya bugu a ka a fitar da shi ya huta, kada a zuga shi da sunan jarumta. Astle ya biya kuɗin wannan darasi da ƙwaƙwalwarsa, bai kamata mu sake biya da ta 'ya'yanmu ba. Allah Ya sa mu gane.